Koren Labulen Goggo

Laraba, ƙarfe 6:10 na safe

Goggo tana asibiti. Na rubuta ne don in gani da idona, ko zan yarda.

Jiya da yamma, huɗu da rabi, na dawo daga kantin maganin da nake aiki, na buɗe ƙofarta da mabuɗin da ta ba ni ajiya, na same ta kwance a ƙasan kicin. Ƙashin ƙugu ya karye, jikinta ya yi sanyi ƙalau, leɓe duk ya bushe. Idonta a buɗe yake. Ta dube ni kawai. Da ma ta zage ni.

Goggo ba goggona ba ce. Duk gidan nan mai hawa uku haka muke kiranta. Ita ce a ƙasa, ƙofar farko in an shigo, mu kuma muna samanta. Shekararta saba'in da takwas, ita kaɗai take zaune, kuma ba ta son a tuna mata ko ɗaya daga cikin biyun. Shekara huɗu ke nan mabuɗinta na jakata, da jan zare ɗaure a wuyansa don kada ya ɓace cikin nawa.

Ƙa'idar ita ta kafa ta da bakinta. Tagar kicin ɗinta tana kallon hanyar fita. In ta tashi lafiya, za ta zuge koren labulen kafin bakwai. Ni kuma ina saukowa bakwai da rabi. In na ga labule a buɗe, in wuce. In na gan shi a rufe, in ƙwanƙwasa sau uku, in ba amsa in sa mabuɗi. Shi ke nan aikin. Ko ɗan yaye zai iya.

Maƙwabta sai sa min albarka suke yi. Ban iya cin komai ba.

Laraba, ƙarfe 1:20 na rana, a kanti

'Yar Goggo ta iso. Lauya ce, a wani gari mai nisa take aiki, kuma ita kaɗai ta rage wa Goggo. Ta kira ni tana kuka: "Yaya, ba don ke ba da gawa zan tarar. Da me zan saka miki?"

Sannan ta ce, "Da safe dai lafiya kika gan ta, ko?"

Na ce, "Na wuce kamar kullum."

Ba ƙarya na yi ba. Na wuce.

Alhamis, ƙarfe 7:25 na safe

Na shayar da shukokinta. Ban kalli wajen taga ba.

Juma'a, ƙarfe 5:40 na yamma

Lauya ta rubuto min jerin ayyuka, tunda ita a asibiti take wuni: in kwashe abin da zai lalace a firij, in kashe gas daga tushe, in ɗauko rigunan barci uku da tabarau da haƙoran roba, in tsaya wa mai karanta mita. Har da lamba ɗaya, biyu, uku, kai ka ce takardar kotu ce. Na ji daɗin jerin. Muddin hannuna na aiki, kaina na yin shiru.

Gidan mutum in ba ya ciki wani iri ne. Takalminta na nan a bakin gado, ɗaya ya hau ɗaya. Keken ɗinkinta na rufe da zane, da hannun riga da ba ta gama ba a ƙarƙashin allura. Na riƙa yin sallama a kowace ƙofa kamar mahaukaciya.

Kofin shayinta na kife a kan tire, a wanke. Ni na wanke shi, tun ranar Talata, kafin motar asibiti ta iso. Shayin safe ne, ko kurɓa ba ta yi ba. Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba.

Asabar, ƙarfe 10 na safe

Yau abin da ya faru wata biyu da suka wuce ne ya hana ni sakat.

Ran nan ma na tarar da labule a rufe. Na ƙwanƙwasa a gurguje, na sa mabuɗi, na faɗa ciki ina ihu, "Goggo! Goggo!" Mai wanki na hawa na biyu da matarsa suka biyo ni. Ashe baiwar Allah wanka take yi, ta manta da labule. Sai ga ta ta fito da ɗaurin ƙirji, kumfa a kunne, ga namiji tsaye a tsakar ɗakinta.

Ta wanke ni tas. "Agogo, kin ƙosa in mutu ne? To ki bari in gama wanka, kada a sha wahalar yi min wani!" Mai wanki ya tuntsure da dariya. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba, kuma sai da gidan nan ya yi sati yana tsokanata.

Agogo take kirana. Ta ce da takuna take gyara agogon bangonta, don ban taɓa saukowa bakwai da minti talatin da ɗaya ba. Ta san takun kowa a benen nan. Ta ce na Maigidana kamar ana jan buhu ne, nawa kuwa kamar ana bina da bulala.

Ta san takun kowa. Na rubuta wannan, sai na ajiye biro na daɗe.

Lahadi, ƙarfe 4 na yamma

Na je dubiya. An yi aikin ƙugun, amma zazzaɓi ya rufe ta, sanyi ya shiga huhu. An sa mata robar iska a hanci. Ba ta gane mutane sosai.

Likitan, wani dogo mai magana a hankali, ya tambayi Lauya ko an san tsawon lokacin da ta yi a ƙasa. Ya ce yadda jikinta ya bushe ya fi kama da na wanda ya daɗe. Lauya ta ce, "Ba zai wuce awa biyu ko uku ba. Labulenta a buɗe yake, maƙwabta sun gani, kuma ta sha maganin safe, na duba akwatin da kaina." Ta juyo gare ni. "Ko ba haka ba, Yaya?"

Na gyara wa Goggo bargo.

Litinin, ƙarfe 12:50 na rana

Akwai wata farar ƙwaya a aljihun jakata, ƙaramin mai zif. Duk sanda na nemi kuɗin mota sai yatsana ya taɓa ta.

Talata, ƙarfe 7:30 na safe

Sati guda. Yau ina hutu, kuma na gaji da kewaye-kewaye a littafin da ba mai karantawa sai ni.

Na ga labulen a rufe. Bakwai da rabi daidai. Na tsaya. Na ciro mabuɗin har ya yi ƙara a hannuna. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na ji muryarta a kaina, kin ƙosa in mutu ne, na ji dariyar mai wanki. Na ce a raina wanka take yi. Na kasa kunne ko zan ji zubar ruwa. Ban ji ba. Na ce to ta gama, tana shafa mai. Mota ta yi oda a bakin titi, ni ke buɗe kanti, ban taɓa makara ba. Na mayar da mabuɗin jaka.

A kanti na tuna da ita sau biyu. Sau biyu na ce zan kira wayarta in layi ya ragu.

Da na dawo na same ta, ban fara da kiran mota ba. Ya Allah. Labulen na fara zugewa. Sannan na kira. Ina jiran su, ina riƙe da hannunta, idona ya faɗa kan kofin shayi da akwatin magani, wanda ni nake cika mata duk Lahadi, gida-gida, safe da yamma. Gidan safiyar Talata na cike. Na saki hannunta na tashi.

Awa tara ta yi a kan siminti. Ni da nake wuni ina ce wa mutane a sha magani a kan lokaci.

Laraba, ƙarfe 6:30 na yamma

Maigidana ya lura. Ya ce, "Wai ke, wadda ta ceci rai ce ke wannan ramar? Ai kamata ya yi a yi miki lambar yabo, mu rataye a falo kusa da kalanda." Na yi masa tsawa a kan ya bar takalmi a hanya. Ya dube ni, ya ɗauke takalmin. Shekara goma sha tara da aure, ya san ranar da ba a wasa da ni, amma bai san dalili ba.

Juma'a, ƙarfe 1:15 na rana

Zazzaɓi ya sauka, in ji Lauya. Goggo ta nemi haƙoranta, ta ce ruwan asibiti ɗanɗanon bokiti yake yi.

Na yi hamdala. Sannan na tsorata, don yanzu za ta yi magana. Wace irin mace ce ni?

Lahadi, ƙarfe 5:20 na yamma

Na shiga ɗakinta a asibiti. Tana zaune an jingina ta da filo biyu, ta rame, amma idon nan na nan.

"Agogo. Kin shayar min da lemona?"

"Na shayar, Goggo."

"Kin cika masa ruwa, na sani. Hannunki ba ya jin bari."

Lauya ta kawo maganar da ta daɗe tana juyawa. Tana so ta tafi da uwarta can garin da take aiki. Gidanta a hawa na bakwai yake, akwai mai aiki, akwai asibiti kusa. Goggo ta ce ta taɓa yin sati biyu a can, tagar bango take kallo, kuma ba ta ji takun mutum ko ɗaya da ta sani ba. Ta ce a ɗakin nan na ƙasa ta yi shekara talatin da ɗaya, a nan mijinta ya cika, a nan za a zo a ɗauke ta.

Lauya ta ce, "Mama, faɗa min gaskiya, ƙarfe nawa kika faɗi?"

Goggo ba ta ko kalle ni ba.

"Bayan azahar. Na hau kujera zan ɗauko gwangwanin sukari."

"Kin tabbata?"

"Ƙuguna ne ya karye, ba kaina ba."

Lauya ta yi ajiyar zuciya. Ta ce to, tunda tsarin labule yana aiki, tunda ga Yaya a sama, za ta yarda ta koma gida, amma da sharaɗin a sa ƙarafunan riƙewa a banɗaki, kuma ba sauran hawa kujera. Ta fita neman likita.

Muka rage mu biyu. Goggo ta ce, "Matso." Na matsa. Ta kama tsintsiyar hannuna, da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba.

"Na ji saukowarki. Na ji kin tsaya. Na ji ƙarar mabuɗi. Na yi kira, murya ta ƙi fita."

Na fashe da kuka. Ta girgiza hannun.

"Share. Ba kuka na kira ki ki yi min ba. In yarinyar nan ta ji, ta kwashe ni ke nan. Ki riƙe bakinki kamar yadda kika riƙe mabuɗina. Kin ji ni?"

Na ce na ji.

Litinin, ƙarfe 7:35 na safe

Na ji. Na ji. Na ji.

Laraba, ƙarfe 4:50 na yamma

Na tsaya wa mai walda ya kafa ƙarafunan banɗaki. Na naɗe dardumar da ke zamewa, na sauko da sukari da gishiri zuwa kantar ƙasa, na wanke koren labulen na goge shi na mayar. Wakilin mai gidan haya ya leƙo yana tambaya a fakaice ko ɗakin zai fita. Na ce masa mai ɗakin na dawowa ranar Litinin, ya je ya nemi wani wajen. Har na ji daɗin kaina na minti biyar.

Ya kamata in samu sauƙi. Ta sani, ba ta tona ni ba, har ta rufa min. To me ya sa abin ya fi nauyi yanzu? Da ina tsoron kada a sani. Yanzu kuma ba ni da wanda zan gaya wa, don wadda na yi wa laifin ta hana.

Juma'a, ƙarfe 6 na yamma

Lauya ta hau sama da kanta, da ɗan akwati a naɗe. Agogon hannu ne, mai kyau, irin wanda ban taɓa sawa ba. A bayansa an zana: Ga wadda ba ta makara.

Maigidan ya yi ta tafawa. Ita da kanta ta ɗaura min. Ta ce, "Yaya, zan koma aiki hankalina kwance. Duk safiya in na duba agogo na ga bakwai da rabi, na san akwai ido a kan Mama."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada su ji.

Asabar, ƙarfe 11 na safe

Agogon yana ƙaiƙayi a hannuna. Na cire, Maigidan ya tambaya, na mayar.

Ina ta gaya wa kaina cewa hakkin Lauya ne ta sani. Uwarta ce. A kan ƙarya za ta yanke hukunci. In ya sake faruwa fa? Duk wannan gaskiya ne, na auna shi ta kowane ɓangare. Amma in zan faɗa tsakanina da Allah, ba shi ne ke hana ni cin abinci ba. So nake wani ya dube ni ya ga abin da na yi, ya daina gode min.

Lahadi, ƙarfe 3:30 na yamma

Na faɗa.

A kicin ɗin Goggo, muna jera kayan abinci a firij saboda gobe. Lauya tana cewa in riƙa duba mata ranar da madara za ta lalace. Na buɗe ƙaramin zif na ajiye ƙwayar a kan tebur. Ta yi baƙi-baƙi don taɓawa. Na ce, "Ta safiyar Talata ce." Sauran ya zubo da kansa, labule, kofi, motar da ta yi oda.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta zauna a kan kujerar da aka ce wai daga kanta aka faɗo, ta ƙirga da yatsu, ta ce, "Tara." Ta sake ƙirgawa.

"Mama ta sani?"

"Ta sani."

"Ita ma ta yi min ƙarya ke nan."

Ta miƙo tafin hannu. Na ɗauka agogon take so, na fara kwancewa. Ta ce, "Riƙe wannan. Mabuɗin."

Jan zaren ya sarƙe da nawa, sai da na sa haƙori.

Abin kunyar shi ne, da na hau sama na ci abinci har na ƙara.

Litinin, ƙarfe 5 na yamma

Ba a kawo Goggo ba. Lauya ta nemi a ƙara mata kwana uku a asibiti, kafin ta shirya mota.

Laraba, ƙarfe 6:15 na yamma

Masu kwasar kaya sun wuni. Ina jin su ta ƙarƙashin ƙafata. An fitar da keken ɗinki, hannun rigar na nan a maƙale. Ƙarafunan banɗaki ko sau ɗaya ba a riƙe su ba. Lauya ta bar tukunyar lemo a bakin matakala, ba ta ce ta wa ba ce.

Maigidan ya ji komai daga bakina jiya. Ya ce, "Gaskiya kika faɗa." Na ce, "Na sani." Ya ce, "To ita tsohuwar fa?"

Alhamis, ƙarfe 2:40 na rana

Na roƙi mai kanti awa biyu. Goggo ta ce ba za ta bar gari ba sai an biyo da ita ta ga ƙofarta, don haka motar ta tsaya a bakin gida. Ba ta iya sauka ba. An zuge mata gilashi, ta daɗe tana kallon tagar kicin. An cire labulen, ana hango bango fari har ciki.

Maƙwabta suka yi ta sallama. Ni na tsaya baya, sai da ta ce, "Ina Agogo? Ina jin numfashinta."

Na durƙusa a jikin ƙofar mota. Na ce, "Goggo, ki yafe min."

"Wanne?"

Ta ci gaba da kanta:

"Na farkon na yafe tun ina kwance a ƙasa. Na san abin da ya hana ki, bakina ne. Awa tara ina zagin kaina, ba ke ba." Ta gyara mayafinta. "Abu ɗaya na roƙe ki. Nauyi ya ishe ki, kika sauke, kin huta. A kaina kika sauke shi, 'yar nan. Wannan na biyun ban san yadda zan yi da shi ba tukuna."

Lauya ta tada mota. Goggo ta ɗaga murya kaɗan: "Lemon nan, rabin kofi. Kada ki kashe min shi."

Asabar

Rabin kofi.

Talata, ƙarfe 8:20 na safe, a kanti

Na sauko bakwai da rabi. Wakilin mai gida ya manna takardar haya a ƙofar, ya canza kwaɗo. Tagar ba labule, ba komai, sai ƙusoshi biyu.

Na tsaya inda na tsaya ran nan. Na ƙwanƙwasa sau uku, kamar yadda ta koya min. Na jira. Mota ta yi oda a bakin titi, ta gaji ta tafi.

Na tarar da mutum huɗu a ƙofar kanti suna jirana. Na makara da minti ashirin.